Masar da Na Gatsa

Ni ne na gatsi masar, gara in faɗa tun da wuri. Gatsa ɗaya ce, amma ina da giɓi a lokacin, sai ta bar shaidar da ko makaho zai gane.

Muna Dapaong, kafin mu dawo Sokodé. Fara ta cinye gonaki, Faransawa sun tafi da Baba aikin hanya na dole. Abin da ya rage mana gorar irin gero ce, rataye a ɗakin Kaka. Inna kuwa ta saba aika kwanon masa kowane gida a zango ran Sallah. Ta ce in bana ba ta aika ba, da wane ido za ta dubi mutane? Ranar jajibere ta sauko da gorar, za ta niƙa irin ta yi masa.

Kaka ba ta hana ta ba. Ta gyara itacen murhu, ta ce in matso ta yi mini tatsuniya, amma da muryar da har mutanen garin Korbongou can nesa sun ji.

Wai zabuwa ce ta so tsuntsaye su yabe ta ranar biki, ba ta da komai sai ƙwayayenta. Ta dafa, ta kai wa kurciya, ta kai wa hankaka, har shaho. Suka ci, suka sa albarka. Da damina ta zo kowa na tafe da 'ya'ya a baya, ita kaɗai take yawo. Kukan da take yi ke nan har yau.

"Kaka, ba ta da hankali ne?"

"Tana da shi, maigidana. Kunya ce ta fi shi nauyi."

Inna ta zauna a ƙasa, gorar a cinyarta. "To Iya, in ce musu me?"

"Kwano ɗaya, ga maƙwabciya. Sauran su yi haƙuri."

Da guntun garin da aka kakkaɓo a tukunya aka toya. Ni na kai, a hanya na gatsi ɗaya, na cusa ta ƙasa.

Da la'asar aka kawo mana kwano daga can ƙarshen zango. Inna ta buɗe: masarmu ce, ga giɓina a jiki. Ashe kowane gida juye ta yake a kwanonsa ya tura gaba, don babu mai abin toyawa. Inna ta yi dariya har ta koma kuka, sannan ta kama kunnena.

Yanzu in na ga matan Sokodé suna raba kwanoni har ƙafa ta kumbura, sai in ce ko wa ke ɓoye gorarsa a cikinsu.

Tamu dai ta koma kan maratayi, da ruwa ya sauka muka shuka. Masar mai giɓi ni aka ba, don ba mai cin sauran bakina.