Wa Ya Sa Balkisu Kuka a Bakin Gulbin Kalgo?

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanwata Balkisu. Masu karatu da yawa ba za su gane sunan ba. Amma idan na ce Kulu 'yar masunci, yarinyar nan mai jan ɗankwali da ke durƙushe a bakin gulbi tana kuka har muryarta ta shaƙe, na san wasu za su laluba waya su ce ai ga ta nan. Suna da ita kuwa. Guntun bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wanda ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi, a tura masa. Wanda budurwa ta juya wa baya, a tura masa. Ni kuwa duk ranar da na ci karo da shi, abinci ba ya shigar mini.

Ni ce yayarta, shekara shida na ba ta, Adda take kirana. A Gwandu aka haife mu, babanmu manomin gero da albasa ne. Shekarar da Balkisu ta cika takwas Inna ta kwanta ciwo mai tsanani, aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Ni aka ɗauka jinya, Balkisu kuma aka kai ta gidan kakarmu a Kalgo. A can ƙanen Inna yake, wanda zan kira Kawu Manu a nan ko da yake ba sunansa ba ne. Yana da shagon hayar kaset ɗin bidiyo kusa da tasha. Ana cikin haka wasu 'yan fim suka sauka garin suna neman bakin ruwa da kwalekwale, da kuma yarinyar da ba ta jin kunyar kyamara. Kawu ya ce yana da ita a gida.

Bai yi ƙarya ba. Tun tana ƙarama Balkisu ba ta da aiki sai kwaikwayo: tafiyar mai unguwarmu, gyaran muryar liman, yadda gwaggonmu ke tsuke baki idan tana tayin daddawa. Ba a nemi izinin Baba ba, sai daga baya ya ji. Da fim ɗin ya fito, mutane daga Kambaza da Dalijan suka riƙa shigowa gidanmu ranar kasuwa don kawai su ga yarinyar da ta sa su hawaye. Baba ya yi faɗa, ya huce. Inna kuwa, wadda Allah ya ba lafiya ta dawo gida, ta kalli wurin kukan nan ya fi a ƙirga. Takan ce ɗiyarta baiwa gare ta.

Shekara biyar ta yi ana yi da ita. Duk hutun makaranta Kawu zai zo ya ɗauke ta, wani lokaci Sakkwato, wani lokaci har Kano. Ba zan ɓoye ba, ta ji daɗin abin. Takan dawo da labarai: gidan sama, fitilun hanya, babbar jarumar da ta yi mata kitso da hannunta. Sai dai kullum matsayi ɗaya ake ba ta, marainiya ko ɓatacciyar yarinya, kullum kuma ƙorafi ɗaya ake yi, wai ba ta kuka irin na farko. An shafa mata man zafi a ƙarƙashin ido, an yanka mata albasa, hawaye ya zo amma ba irin wancan ba. Da ta kai sha uku ta yi tsawo, sai kira ya ɗauke. Babu wanda ya zo ya ce mata an gama da ita. Hutu biyu ta yi da jakarta a shirye a bayan ƙofa kafin ta kwance ta.

Ta koma karatu sosai, duk da 'yan ajinsu ba su bar ta ta manta ba. Kulu, yi mana kuka, haka suke tare ta a bakin famfo. Ta daure ta gama, ta karanci aikin lafiya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Kalgo, inda take yi wa yara allurar rigakafi. Can ta auri Malam Bello, malamin firamare, suka haifi Ummi. Zazzaɓin da ya ɗauke ta bai cika mako biyu ba. Ummi tana da shekara biyu a lokacin, tun daga nan kuma take hannuna a Gwandu.

A cikin wannan ciwon ne, wata rana bayan la'asar ina ba ta kunu, ta ture kofin ta dube ni.

"Adda, kin san ranar nan ba wasa nake ba?"

Na tambaye ta wace rana. Ta ce ranar bakin gulbi. Tun safe ake so ta yi kuka, ita kuma da ta ga masuncin ƙaryan da aka kwantar a matsayin gawar ubanta yana motsa yatsan ƙafa saboda ƙuda, sai dariya ta kama ta. An sake ɗauka, an sake, rana ta yi zafi, ran mutane ya ɓaci. Sai wani ya sunkuyo, ya dafa kafaɗarta, ya ce mata saƙo ya iso daga Birni, Inna ta rasu. Ya janye jikinsa. Kyamara na kunne. Abin da duniya ta gani ke nan. Da suka sami abin da suke so sai aka ce mata wasa ne, aka miƙa mata biskit.

Na tambaye ta wane ne.

"Wanda in ya faɗa ba zan yi shakka ba," ta ce. Ta juya fuskarta bango. "Bar shi, Adda. Na yafe."

Inna ta rayu shekara goma sha biyu bayan wancan ciwon, ta rasu ba ta san cewa mutuwarta ce ɗiyarta ke yi wa kuka a gaban jama'a ba. Balkisu ta zauna kusa da ita sau da yawa ana kallon wurin, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Ita ta yafe, ni kuwa ban iya ajiye maganar ba. Tun daga zaman makoki na fara duban mutane da wani ido. Waɗanda suka shekara goma ba su tambayi ko tana raye ba, sai ga su suna rubuta ɗiyarmu ta tafi, suna liƙa hoton kukan nan. Kowanne na karanta sai in tambayi kaina, wannan yana bakin gulbin ranar? Daraktan fim ɗin ya riga ta rasuwa, ba hanyar tambayarsa. Saura Kawu. Shi ya fi kowa kuka a gidan rasuwar, har sai da aka riƙe shi, kuma Allah ya yafe mini, wannan ma ƙara mini zargi ya yi. Amma ƙanen uwata ne. Kusan shekara bakwai ina gaishe shi, ina kai masa abincin salla, ban ce komai ba.

Wata uku da suka wuce wani mutum ya yi sallama a gidana. Ya ce shi mai shirya fim ne, yana so ya yi fim a kan rayuwar Balkisu don a karrama ta. Maganarsa da daɗi, ya iya gaisuwa. Abin da ya fara tsaya mini shi ne ya san sunan Ummi, ya san ajinta, ya san makarantarsu. Ya ce ya ji labarin kamarsu ɗaya da uwarta, yana so ita ta fito a matsayin Balkisu tana ƙarama, a koma bakin gulbin nan a sake wurin kukan. Na tambaye shi wa ya kwatanta masa gidana, ya ce Kawunku Manu. Na tambaye shi ta yaya zai sa yarinya mai shekara tara ta yi irin wannan kuka. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, muna da dabarunmu." Na ba shi ruwa ya sha, na ce zan yi shawara.

Washegari da safe na shiga mota zuwa Kalgo. Shagon Kawu yana nan inda yake, sai dai yanzu ba kaset. Cajin waya yake yi, yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi. Ina zaune a kan bencinsa wata tambaya ta daban ta zo mini: wa ke da tsohon kaset ɗin nan in ba shi ba, kuma daga ina guntun bidiyon ya fara fita? Ban yi masa wannan ba. Na jira mutane suka ragu, na faɗa masa abin da Balkisu ta faɗa mini, kalma da kalma.

Ya daɗe yana warware igiyar caja wadda ba ta harɗe ba.

"Ba ni na faɗa mata ba," ya ce. "Daraktan ya tambaye ni mi ta fi tsoro a duniya. Na ce uwarta na asibiti. Iyakata ke nan."

Na ce, "Kawu, kwana uku ke nan da ta san daraktan. Ta ce wanda ba za ta yi shakkarsa ba."

Ya ce shekara ashirin da wani abu, wa zai tuna wanda ya ce kaza. Sannan ya ƙara da cewa in ba don ranar nan ba, wa zai san sunanta a duniya?

Na ce masa ai har yanzu ba wanda ya san sunanta. Kulu suka sani.

Na miƙe daga bencin. Na fito ban sami abin da na je nema ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa, daraktan ne ya sunkuya, yarinya kuma ta yarda don ta ga kawunta tsaye bai musa ba. Wataƙila shi ne. Ba ni da shaida, shi ya sa na sakaya sunansa. Abin da na sani shi ne ko a yadda ya ba da labarin, shi ya nuna inda za a soka, kuma bayan shekaru masu yawa shi ya kwatanta wa wani gidan da ɗiyarta take. Daga shagon na wuce wurin Malam Bello. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ba za a yi ba, in Ummi ta girma ta zaɓa da kanta. Mai shirya fim ɗin ya kira ni sau huɗu, na huɗun ya ce ina tauye wa yarinya arziƙinta.

Maganarsa ta taɓa ni, domin ni kaina ba na barin kaina ba zargi. Ummi ta gaji kwaikwayon nan. Ta iya tafiyata, ta iya yadda nake kiran kaji. Wani lokaci ina dariya sai in tsaya in tambayi kaina, ita nake karewa, ko haushin da na kasa saukewa a kan Kawu ne nake saukewa a kanta? Da Balkisu na nan ban san abin da za ta ce ba. Ba mai riƙo ba ce, ina jin da ta ga fuskarta a ƙarƙashin saƙon 'yan ƙwallo sai ta fara yin dariya. Amma ina so in ga idonta a kan abin da ake yi yau, inda uwa da hannunta za ta tsorata ɗanta, ta ɗauki kukansa a waya ta watsa don a yaba mata. A zamaninmu sai an taso daga wani gari da kyamara. Yanzu tana cikin aljihun kowa a gida.

Idan na auna abin da ya rage nata, finafinan sun tafi da kaset, sai guntun nan da ba na so. Amma bara wata mata daga Dangoma ta gane ni a wurin suna, ta ce ƙanwarki ce ta yi wa 'ya'yana uku rigakafi. Ta ce sauran ma'aikata kan ce wa yaro dubi tsuntsu can, su soka allura. Balkisu ba ta taɓa yi ba. Sai ta durƙusa daidai tsawon yaron ta ce masa za ta yi zafi kaɗan, in kana son kuka ka yi, ina nan. Layinta ya fi na kowa jinkiri, har ana yi mata ƙorafi. Matar ta ce har gobe akwai ma'aikaciya ɗaya a asibitin da ke yin haka, wadda ta koyi aiki a hannunta.

Saboda wannan ne na kasa yi wa Ummi ƙarya ranar da ta shigo daga gidan maƙwabta, ta ce ta ga mamanta a wayar yayar ƙawarta, ana ta dariya, me ya sa take kuka haka. Na zaunar da ita na faɗa mata, ban kama sunan kowa ba. Ta saurara tana murza bakin hijabinta.

"Da aka ce mata wasa ne, sai ta yi dariya?"

Na ce a'a, roƙo ta yi a kai ta wurin Inna ta gan ta da idonta.

"An kai ta?"

"Sai bayan kwana huɗu, da aka gama ɗaukar fim ɗin."

Ta saki bakin hijabin. Can ta ce da ita ce da ƙafa za ta tafi. Ta miƙe ta sa takalminta ta fita, ban tambaye ta ina za ta ba. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta ce ta faɗa musu sunan mamanta Balkisu, kuma ta tsaya a kan yayar har sai da ta goge a gabanta.

Waya ɗaya ke nan, sauran ba mu san iyakarsu ba. Wanda ya karanta wannan kuma yana da bidiyon a tasa, yanzu ya san abin da yake riƙe da shi. Allah ya jiƙan Balkisu, ya haɗa ta da Inna a inda ba a raba su.