Kankana a Kwamin Shanu

A gidanmu an san ni da ƙari. In na ga ɓera sai in ce ya kai ɗan akuya, in na yi tuntuɓe sai in ce na leƙa lahira na dawo. Inna takan ce in na ba da labari a zubar da rabi, a tankaɗe sauran.

Ina da shekara goma sha biyar muka tafi suna Kebbe daga Tambuwal, ni da Inna da Kaka. Kawu, ƙanen Inna, mai noman kankana a fadama, ya ɗoro buhu biyu a babur, gudummawarsa ke nan. Ranar ana zafin da ko ƙadangare sai ya nemi mafici. Aka ce in sanyaya kankanar. Randunan gidan duk ruwan baƙi ne a ciki, sai na zagaya garke na tarar da kwamin simintin da shanu ke shan ruwa, a gindin darbejiya, ruwansa sanyi ƙalau. Kaji na bakinsa suna abin da kaji ke yi. Na tsoma kankanar ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar na kwaso, na goge da gefen zanena, aka yanka. Kowa ya yaba sanyinta.

Washegari zawo da zazzaɓi suka fara kayar da mutane. Ni ma na yi wa masai sintiri har ya gane takuna. Na tashi, Inna ta tashi. Kaka ba ta tashi ba. Kwana biyar ana ƙara mata ruwa a asibiti, ta cika da hantsi.

Ban yi kuka ba. Na zauna ina kallon takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya.

Kafin sadakar uku magana ta cika unguwa: wai Kawu ya labta wa gonarsa maganin feshi, kankanarsa ta kashe uwarsa. Masu gaisuwa su ba shi hannu suna kallon tabarma. Ya daina zuwa kasuwa, kankana ta yi ta ruɓewa a gona.

Bayan sadakar bakwai ma'aikatan lafiya suka zo gidanmu. Wata mai tabarau ta zauna a tsakar gida da takarda, tana tambayar kowa abin da ya ci a sunan. Ta ce waɗanda suka tsaya a shinkafa lafiyarsu lau, duk wanda ya kwanta ya sha kankana. Ƙwayar cutar sunanta salmonela, tana cikin kashin kaji da dabbobi, ta manne a bawo, wuƙa ta shigar da ita ciki. Abin da ya ɗaure mata kai, waɗanda suka sayi kankanar Kawu a kasuwar Tambuwal a makon ba wanda ya yi ko ciwon ciki.

"Wa ya taɓa ta kafin a yanka?" in ji ta.

"Ni ta," na ce. "Cikin kwamin shanu nis sa su."

Yayata ta tuntsire da dariya, ta tuna zaman makoki ake, ta rufe baki da hijabi.

Inna ta ce, "Malama, kak ki biye mata. Ɗiyag ga ita ta ce ta ga kada cikin randa."

Malamar ba ta ɗago ba. "Akwai kaji a wurin?"

"Akwai."

"Nawa?"

Da wata rana ce da na ce dubu, har da sarkinsu. Na laluba cikin kaina ban sami abin ƙarawa ba.

"Fuɗu. Ko biyar."

Inna ta ajiye faifan da ke hannunta, ta dube ni.

Da ni ma'aikatan suka tafi Kebbe, mota na faɗawa rami tana fita. Na nuna kwamin. Suka ɗebi ruwansa a ƙananan kwalabe, suka ɗebi na gonar Kawu, suka ɗauki kankana biyu. Ina tsaye ina kallon wata saniya tana kallona.

Bayan mako biyu malamar ta dawo. A zaure, gaban liman da mai unguwa, ta ce an sami ƙwayar a kwamin, ba a same ta a gonar ba. Ta ce a riƙa wanke bawo da ruwa mai tsabta kafin a sa wuƙa, kuma yarinyar ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Daga bayan ƙofa na ji. Kamar labarin wata ake.

Kawu ya koma kasuwa. Wata Juma'a ya shigo da kankana ɗaya, ya kira ni. A gabana ya wanke ta da sabulu, ya ɗauraye, ya wanke wuƙar, ya yanka ya miƙo mini tsakiyar.

"Sha, ɗiyata."

Na sha.

"Da zaƙi?"

Ya tsaya yana jira in ce ta fi zuma, in ce ƙudan Sakkwato duka na hanya. Ban ji ɗanɗanon komai ba.

"Awo, Kawu," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya sake yanko wani.