Gayyar Uzoma Marar Gona

Duk wanda ya san layin masu kayan babur na Funtua ya san Uzoma. Iyayensa Inyamurai ne, amma a nan aka yanke masa cibiya, kuma in yana zuba Hausa ta bayan labule sai ka rantse jikan mahauta ne. Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba a garin manoma: bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi dai a bar shi da shago da safe, da yamma kuma ya rataya usur ya nufi filin da ke bayan makarantar firamare, inda ya shekara goma sha huɗu yana koya wa yara ƙwallo ba tare da ko sisi ya shiga aljihunsa ba. Har sunansa ya ɓace, kowa Koci yake ce masa.

Yaransa sha shida ne, yawancinsu 'ya'yan manoman Maska da ƙauyukan gefenta. Iyayen ba su tsane shi ba, ba su kuma ɗauke shi da muhimmanci ba. 'Yarsa Onyinyechi ce ta sa masa wata manhaja a waya, wadda ke aika wa iyaye sanarwar horo da ta wasa, kowane uba ya danna kore in ɗansa zai zo, ja in ba zai zo ba. Masu babbar waya su danna, marasa ita su ba da saƙo a masallaci a danna musu.

A shekarar da nake ba ku labari, yaran suka kai wasan ƙarshe na gasar yankin, wanda za a buga a Danja. Sai ranar ta faɗo tsakiyar kaka, dawa ta nuna, waken suya na fashewa a gona. Uzoma ya aika sanarwa, kafin la'asar ja goma sha ɗaya sun jeru a wayarsa. Dokar gasar kuwa ba ta da kara: ƙungiyar da ba ta je ba, an soke ta. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ya yanke shawarar tara iyayen ya roƙe su ido da ido, duk da ya san bai taɓa kiran taro mutum ya wuce uku ba. Ya buɗe manhaja zai rubuta gayyata, sai ya gutsure kalmar yadda 'yan birni ke yi, a zatonsa duk ɗaya ne. Ya rubuta: "Gayya. Asabar bayan asuba, a fili. Kowane uba ya zo da kansa." Rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin magariba kore sha shida sun cika wayar. Uzoma ya kashe ta ya kunna, yana tsammanin ta lalace.

Ranar Asabar ya iso da benci biyu da jawabin da ya haddace. Abin da ya tarar ya sa ya kusa sakin babur. Mutum sun fi arba'in, iyaye da ƙannensu da maƙwabta, kowa da lauje ko adda, wasu da buhuna a kafaɗa, har da mai kalangu. Malam Maitama, dattijon Maska wanda jikansa ke tsaron gida a ƙungiyar, ya matso yana gyara hula.

"Koci, ga mu. Ina gonar?"

"Wace gona, Baba?"

"Wadda ka kira gayya a kanta mana. Mun ce bawan Allahn nan shekara da shekaru yana fama da 'ya'yanmu bai taɓa neman komai ba, yau ya nema, wa zai zauna?"

Nan Uzoma ya gane. A wurin manomi, gayya ba taron zama a benci ba ce, kiran jama'a ne su taru su yi wa mutum aikin gona, kuma ba a ƙin ta sai da babban dalili. Kunya ta rufe shi, jawabin ya bi iska. Da ƙyar ya ce, "Baba, ku yafe ni. Ko taku ɗaya na ƙasa ba ni da shi. Roƙonku na so yi ku bar yaran su je Danja."

Sai dariya ta ɓarke har mai kalangu ya taya da kiɗa. Malam Maitama bai yi dariya ba. Ya dubi laujen hannunsa, ya dubi jama'a.

"Gayya ba ta komawa gida da kaifin laujenta," in ji shi. "Gonar wa ta fi matsuwa a cikin sha ɗayan nan da suka danna ja?"

Daga nan aka wuce gonar Ɗanjuma direba, ɗaya daga cikinsu, kafin azahar an kwantar da dawarsa. Uwa mai abinci ta ji labari ta aiko da kunu da ƙosai, tunda mai gayyar bai san shi ke ciyarwa ba. Da yamma Onyinyechi ta jera gonakin a manhaja kamar jadawalin wasanni, yau ta wane, gobe ta wane da wane. Uzoma ya rufe shago ya bi su. Ya yanke yatsa tun ranar farko, tafin hannunsa ya yi bororo, ana ta yi masa tsiya wai usur ya fi lauje sauƙin riƙo. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba, kwana shida gonaki goma sha ɗaya, kowace safiya kore na ƙaruwa a sanarwar wasan Danja.

Ranar wasa motoci uku suka tashi zuwa Danja, biyu duk iyaye ne, mutanen da ba su taɓa kallon ɗansu a fili ba. Yaran suka fito a jere cikin riguna masu ruwan ganye. Uzoma ya tsaya bakin layi da tsumma ɗaure a yatsa, yana ƙirga su, ya kasa wuce goma saboda hawaye.

Malam Maitama ya dafa kafaɗarsa, ya nuna yaran da haɓa.

"Ka ce mana ba ka da gona, Koci. To waɗannan fa, wa ya nome su?"