Zulaiha Mai Ƙararrawa da Layin Markaɗe

Zulaiha ɗiyar kawuna ce, Kawu Malami mai sayar da atamfa, na Ƙofar Taramniya. Ni ɗan mace ne, ita ɗiyar namiji, saboda haka tun bakinta bai gama iya kiran sunana ba take ce mini bawanta, alhali na girme ta da shekara goma sha ɗaya cur. Sunana Gazali, keke napep nake tuƙawa. Karatuna na boko a aji shida na firamare ya gaji ya zauna, ni kuma ban tashe shi ba. Wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi a zuciyarsa.

Ba a taɓa yin mai nawa irin wagga yarinya a Sakkwato ba. An ce ranar da za a haife ta sai da ungozoma ta koma gida ta ci tuwo ta dawo. In aka aike ta sayen gishiri da hantsi, sai dai a sa a miyar gobe. Ni nake kai ta makarantar 'yan mata kullum safe, don haka ba labari aka ba ni ba. Zan yi ta hon a ƙofar gida har kajin maƙwabta su daina firgita, ita kuwa tana ciki tana neman safa ƙafa ɗaya. A aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare, na ji an ce sai da aka sayo sabon littafin 'yan latti saboda ita kaɗai.

Da suka shiga aji uku, shugabar makarantar, Hajiya Saudatu, ta tashi raba wa ɗalibai muƙamai, sai ta naɗa Zulaiha mai ƙararrawa. Kawu da ya ji, cewa ya yi a koma a bincika, wataƙila akwai wata Zulaihar a ajin.

Ƙararrawar ba wata aba ba ce, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a dogonyaron bakin ƙofa, ana bugun shi da guntun rodi. Aikin kuma biyu ne. Takwas saura kwata ta buga, maigadi ya tura ƙofa. Duk wadda ta zo bayan haka, Zulaiha ta rubuta sunanta. Wadda sunanta ya cika goma, a kira ubanta ofis. Aka ɗaura mata agogon makaranta a hannu, wani baƙi mai faɗin marfin tukunya.

To, daga ranar ban sake gane taubashiyata ba. Yarinyar da nake jira ita ta koma jirana, tana tsaye bakin zaure tana duban agogo tana dubana kamar na ci mata amana. Ƙanwarta Fatima ma, ciki ɗaya, sai da Zulaiha ta rubuta ta sau biyu a mako ɗaya. A gida har innarta sai da ta ji cewa tuwon dare ya yi lattin minti ashirin. Na ce da Kawu, in ba a karɓe agogon nan ba, wata rana ladan ma za ta rubuta.

Sai maganar Murja ta taso. Murja ƙawarta ce tun aji ɗaya, benci ɗaya suke zama, daga Runjin Sambo take zuwa. Uwarta awara take yi, kuma Murja ce mai kai waken markaɗe kowace safiya, ta jira a markaɗa, ta kai gida, sannan ta kamo hanyar makaranta. A aji biyu an taɓa kiran ubanta, Malam Tukur mai hatsi. Ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya gaban mace tana yi masa faɗa, abin ya tsaya masa a wuya. A ranar ya ce in aka ƙara kiran shi, Murja ta gama boko, ta zauna ta taya uwarta. Kuma ba a san shi da magana biyu ba.

Saura wata biyu jarrabawar fita aji uku, sunan Murja ya kai tara. Duk taran kuwa da hannun Zulaiha aka rubuta su.

Abin da ta yi, dabara ce irin ta wanda bai saba laifi ba. Ba ta taɓa littafi ba. In lokaci ya yi, sai ta tsaya gindin dogonyaro da rodi a hannu, tana leƙen kwanar titi, sai ta hango hijabin Murja sannan ta buga. Ran farko minti huɗu. Washegari bakwai. Akwai ranar da aka kai sha biyu. Malamai kowa da wayarsa a aljihu, amma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba, don su ma wasunsu a guje suke shigowa.

Abin da ta manta shi ne, ƙarfen nan ba na makaranta kaɗai ba ne. Unguwar gaba ɗaya da shi take aiki. Da shi mai shayi ke sauke tukunyar farko, da shi tela ke buɗe shago, wata tsohuwa a bayan katanga da shi take shan maganin hawan jini. Uwa uba Baba Habibu mai gyaran agogo, wanda teburinsa ke kallon ƙofar makarantar. Tun da waya ta zo ciniki ya gudu, ba shi da aiki sai sauraro. Kwana tara yana haƙuri. Ran Alhamis ya ɗauro agogo uku a hannu ɗaya, ya shiga ofis ya ce ko dai ƙararrawarsu ta karkace, ko kuwa rana ce ta sauya hanya.

Hajiya Saudatu ta sa aka kira Zulaiha. Ta ma buɗe mata ƙofar tsira, don cewa ta yi, “Agogon ne ya lalace? Ga Baba nan, sai ya duba.”

Zulaiha ta ce, “Agogo lafiyarsa lau, Hajiya. Ni ce nake jinkirtawa.”

“Saboda wa?”

Nan ta sa kai ƙasa. Aka yi juyin duniya ba ta ambaci suna ba. Hajiya ta kwance agogon da hannunta, ta ce daga Litinin Hauwa'u ce mai ƙararrawa. Ita Hauwa'un nan, ko ranar Sallah ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Da ita a bakin ƙofa, sunan Murja na goma ba zai wuce Litinin ba.

A keke ranar na so in ɗan taɓa ta, na ce ranki ya daɗe, ina agogon mulki? Ba ta rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Har muka kusa gida tana kallon inda agogon ya bar mata shaida a hannu. Da za ta sauka ta ce, “Ya Gazali, ran Asabar da sassafe ka kai ni Runjin Sambo.” Jin ta kira ni Yaya, ba bawa ba, na san abin ya kai inda ya kai.

Muka isa wajen injin markaɗen kafin bakwai. Tsarin wurin shi ne, bayan sallar asuba kowa ya zo ya ajiye kwanonsa a layi, ya ɗora dutse a kan marfi. Kabiru mai inji ya buɗe da bakwai ya bi layi. Amma in aka zo kan kwano babu mai shi a tsaye, tsallake shi ake yi, ya koma ƙarshe. Shi ya sa ba mai iya gusawa. Zulaiha ta zauna kan dakali tana kallo fiye da awa guda, ita da ta saba ba da umarni. Ta ƙirga 'yan mata shida a layin, 'yan makarantu daban-daban, har da Murja, duk masu jiran nan ne kullum.

Ta fara zuwa wurin Kabiru. Ya ce shi inji ne nasa, layi kuwa na Inna Dije ne, ya nuna wata tsohuwa mai koko wadda kwanonta ke gaba tun kafin a haifi Zulaiha. Na zaci za ta je mata da muryar bakin ƙofa. Sai na ga ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar ƙafa da jikoki. Inna Dije ta tambayi ɗiyar wa ce, aka bi dangi har aka gano ta taɓa sayen turmin atamfa hannun Kawu ya zuba. Sannan Zulaiha ta roƙi a riƙa sa 'yan makaranta gaba.

Tsohuwa ta ce a'a, kai tsaye. Su ma wuta ke jiran su a gida, masu sayen koko ba su san wata jarrabawa ba.

Na tada keke, na ɗauka an gama. Zulaiha ba ta tashi ba. Tana nan a durƙushe ta ce to kada a sa su gaba. A bar su dai su ajiye kwano su tafi, kada a tsallake, in an markaɗa maƙwabciya ta miƙa gida. Su kuma Asabar da Lahadi su za su tsaya wa iyayen a layi, su kai wa kowa markaɗenta har ƙofar ɗaki.

Inna Dije ta dube ta sama da ƙasa. “Ke ba ki da kwano a nan. Mi naki ciki?”

“Ni ma zan riƙa zuwa, Inna. Naki ni zan ɗauka.”

Tsohuwa ta juya ta dubi matan. Wata Hajara, wadda katanga ɗaya ta raba su da su Murja, ta ce ita dai hutun Asabar da Lahadi bai yi mata kaɗan ba. Sauran suka yi dariya. Inna Dije ta ɗaga murya yadda za ta fi ƙarar inji ta ce, “Kabiru, daga yau kwanon ɗiyar makaranta kwanona ne. Ka tsallake ka gani.”

Ran Litinin na ƙi tafiya bayan na sauke Zulaiha, na laɓe wajen mai shayi. Saura minti goma a buga sai ga Murja tana tafe a hankali kamar mai zuwa biki. Hauwa'u ta bi ta da kallo, biro a hannu, babu abin rubutawa. Har aka yi jarrabawa sunan nan yana nan a tara, ba a kira Malam Tukur ba, bai ma san an yi ba.

Rodi dai bai dawo hannun Zulaiha ba. Hajiya Saudatu ta lura shafin 'yan latti ya rame, ta bincika ta ji dalili, ta kira ta ofis ta sa mata albarka, amma ta ce laifin farko yana nan a laifinsa. Zulaiha ta ce haka ne.

Yanzu suna babbar sakandare ita da Murja, benci ɗaya har yau. Asabar da Lahadi ina kai ta Runjin Sambo, ta ɗauki bokitin gasarar Inna Dije a ka, ni bawa ina zaune a keke ina kallon uwargijiyata tana dako. Baba Habibu kuwa bai yafe ba. Duk safiyar da muka wuce ta gaishe shi, sai ya duba agogo ukun nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya amsa.