Tsokar Ƙarshe a Kwanon Inna

Wata rana, saura kwana uku Babbar Sallah, wani bawan Allah ya ɗebi iyalinsa a mota daga Legas ya kamo hanyar gida.

Shekararsa arba'in da huɗu. Ma'aikacin ofis ne, irin waɗanda daga kujerar gida sai ta mota, daga ta mota sai ta aiki. Tumbi ya fito, abokai suna ce masa hutu ne, shi ma yana shafawa yana dariya.

Wata huɗu kafin wannan tafiyar, likita ya duba takardar gwajinsa, ya cire tabarau, ya ce masa ciwon suga ne.

Aka ba shi magani, aka ba shi doka. Sukari a ajiye shi. Farar shinkafa da soye-soye a rage. Kada a zauna da yunwa. Sannan tafiya da ƙafa, kullum, ko da rabin awa ce.

A Legas dokar ba ta yi masa wuya ba, don matarsa Ramlatu ta riƙe masa wuta. A hanya ma ya yi ƙoƙari, a yaba masa. Ya wuce masu lemon kwalba da masu burodi yana haɗiyar yawu. Guzurinsa ruwa ne da gyaɗa da gurji da dafaffen ƙwai. Duk inda suka tsaya salla sai ya zaga motar sau goma, yaransa suna ƙirga masa suna ƙyalƙyala dariya.

Ba hanya ce take ba shi tsoro ba. Gida ne.

Don a gida akwai Inna.

Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutumiyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Yana ƙarami “wannan yaron” ne. Da ya girma ya tafi aiki, sai ya koma “mutanen Legas”. In ta gama girki sai ka ji ta ce, “A faɗa wa mutanen Legas abinci ya sauka,” alhali daga ita sai kajinta a tsakar gidan.

Duk son da ba ta iya faɗa, a kwano take zuba shi.

Shi ma yana da tasa amsar. Yana ɗan shekara tara ya lura in Inna ta raba nama, kowa ya samu, ita sai romo. Ranar ya bar tsokarsa ta ƙarshe a kwano, ya rufe da faifai, ya mayar mata. Ta zaga bayan ɗaki ta ci. Tun daga ranar, shekara talatin da biyar, bai taɓa mayar mata da kwano babu tsoka ɗaya a ciki ba, kuma ba su taɓa yin zancen ba ko sau ɗaya.

To ku faɗa mini, wannan matar zai kalla ya ce ba zai ci girkinta ba?

Ga wani abin kuma. Wannan ciwon ne ya yi ajalin mahaifinsa, shekara goma sha biyu da suka wuce. Gyambo ne a ƙafa ya ƙi warkewa. Inna ce ta yi jinyarsa har ƙarshe. Yana ganin in ta ji sunan ciwon nan a kansa, ita da barci sun yi sallama.

Da suka iso Funtuwa ya sauke Ramlatu da yaran a gidan iyayenta, a kan za su biyo shi bayan Sallah. Ta leƙo ta tagar motar ta ce, “Abban Mufida, don Allah ka faɗa wa Inna.”

Ya ce, “Kwana biyar ne kawai. Zan san dabara.”

Dabarar namiji kenan. Ku dai ku biyo ni.

Ranar jajibere da la'asar ya isa ƙauyensu, can gefen Malumfashi. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, amma rariyar ta tsaya a hannunta.

Ta ce, “Mutanen Legas sun iso? A yi musu sannu da hanya.”

Kafin ya cire takalmi an ajiye kwano a ƙofar ɗakinsa. Waina ce da miyar taushe, mai yana ƙyalli a sama. Gefe ga ƙwaryar fura ta sha nono ta sha sukari, yadda yake so tun yana yaro.

Ya zauna ya zuba wa kwanon ido. Gaba kura, baya sayaki. In ya ci, ya cuci jikinsa. In ya mayar, ya karya mata zuciya.

Sai ya ɗauko leda.

Ya juye wainar, ya juye miyar, ya ɗure furar a gora, ya ce zai je gaida abokai. A bakin titi akwai masu facin taya, su ya miƙa wa. Suka yi ta sa masa albarka. Shi kuma ya faka a gindin darbejiya, ya ɗaga gilashi, ya ci gurji da gyaɗa kamar mai cin abin sata.

Ranar Sallah aka yanka rago. Aka yi shinkafa da soyayyar hanta, ga alkaki ga nakiya. Leda.

Kashegari aka ɗora tukunyar suya, ƙamshi ya cika unguwa. Leda.

Masu facin taya ba su taɓa Sallah mai daɗin wannan ba. Shi kuwa ga magani yana sha, ga ciki babu abin kirki. A rana ta uku, yana dawowa daga sallar azahar, jiri ya ɗebe shi. Gumi ya keto masa. Da ƙyar ya kai dakalin ƙofar gida ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya lalubo dabino biyu a aljihu ya jefa baki, kamar yadda likita ya ce ya yi in hakan ta faru.

Bai san Inna na tsaye a cikin zaure tana kallonsa ba.

Da safe ya ji motsi a ƙofar ɗakinsa. Ya ɗauka abinci ne za a ajiye a wuce kamar kullum. Sai ya ga an ɗaga labule. Inna ta shigo, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye kwano a gabansa ta ɗauke faifan.

Babu komai a ciki. Kwanon jiya ne.

Ta ce, “Gidan nan cike yake da nama, amma kwana uku ban ci nawa ba.”

Sai a lokacin ya tuna. Garin sauri, duka yake juyewa a leda, har da tsokarta.

Ya ce, “Inna, mantawa na yi.”

Ta ce, “Tasi'u.”

Ya ɗago da sauri. Shekara arba'in da huɗu, ranar ya fara jin yadda sunansa yake a bakin mahaifiyarsa.

Ta ce, “Wanda ya ci shi yake ragewa. Wanda ya juye a leda ba ya ragewa. Ciwon babanka ne?”

Ya gyaɗa kai. Da ƙyar ya ce, “Na ji tsoron kada hankalinki ya tashi.”

Inna ta murza bakin faifan.

Ta ce, “Akwai abin da ba ka sani ba. Shekara biyu Malam ya yi yana ɓoye mini, shi ma wai kada hankalina ya tashi. Shekara biyu ina dama masa fura, ina ƙara sukari don ya ji daɗi, yana karɓa yana shanyewa don kada in ji babu daɗi. Kafin in sani, ƙafa ta riga ta kama. Mutuwa ta Allah ce, wannan na yarda. Amma har yau in na ɗauki ludayi sai hannuna ya yi mini nauyi. Kada ka sa in sake ciyar da nawa abin da zai cuce shi ban sani ba.”

Mutumin Legas, mai mota, mai tumbi, mai 'ya'ya huɗu, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka.

Inna ba ta rarrashe shi ba, ba halinta ba ne. Hannu ta miƙa ta ce, “Kawo makullin motar.”

Ya ba ta. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta.

Ta ce, “Kira mini Ramlatu.”

Rabin awa suka yi a waya, suruka da suruka. Me likita ya ce a ci, me ya ce a bari, ƙarfe nawa ake shan maganin. Inna na gyaɗa kai kawai, don yawancin abin ta san shi tun jinyar Malam. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Kafin hantsi kwano ya sauka. Kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, da wake, da nama gasasshe wanda bai ga mai ba. Fura ludayi biyu, babu sukari ko ɗigo.

Ya ci har ya lashe hannu. Rabonsa da ƙoshi tun Legas.

Da rana ta yi sanyi ta yafa mayafi ta ce a tashi, akwai gaisuwar Sallah da ba a yi ba. Gidan Gwaggo yana gangare, gidan Kawu yana tsallaken rafi. Duk shekara da mota yake zuwa, a wurin da tsofaffi suke zuwa da ƙafa.

Wannan karon Inna na gaba, shi yana baya yana haki. Matar da ta ba wa sittin baya tana tsayawa tana jiransa, tana cewa iska, “Mutanen Legas dai ƙafa ta zama ado.”

Kun san gaisuwar Sallah. Kowane gida sai an kawo faranti, kuma in ka ƙi ci an ce ka yi kuɗi ka raina mutane. Abin da yake tsoro kenan. Amma duk gidan da aka turo masa soyayyen nama da lemo, kafin ya buɗe baki Inna ta riga shi.

Sai ta ce, “Ruwa za ku ba shi. Ni na hana shi. Mai magana ya zo ya yi da ni.”

Babu wanda ya zo.

Haka suka yi sauran kwanakin. Safe faten acha, rana tuwon dawa ɗan daidai da miyar kuɓewa, yamma a taka zuwa gona a dawo. Da Ramlatu ta iso ta gwada shi da ɗan abin awon suga, ta kalli lambar, ta kalli Inna, ta yi murmushi.

Ranar komawa ya ci abincinsa na safe, ya bar tsoka ɗaya a kwano, ya rufe da faifai. Wannan karon da kansa ya kai mata har gindin murhu.

Inna ta ɗaga faifan ta gani. Ya jira ta tashi ta zaga bayan ɗaki kamar yadda ta saba.

Ba ta tashi ba.

Nan a gabansa ta ɗauki tsokar ta ci, a hankali, har ta gama. Sannan ta kwance haɓar zaninta, ta ajiye makullin motar a cikin kwanon, ta tura masa.

Ta kalli kajinta ta ce, “A faɗa wa mutanen Legas, baɗi ina son in ga kwanon nan ya dawo da tsokata. Da shekarar da ke bayanta. Su kula mini da kansu.”

Darasi: In za ka yi tafiyar Sallah, ka tafi da maganinka, ka tafi da dokar likitanka, ka tafi da ƙafarka, kada ka bar su a birni. Amma kada ka ɓoye ciwonka ga mai dafa maka abinci. Kana ganin tausaya mata kake yi, alhali hannunta kake sawa ya cuce ka ba da saninta ba, kuma ita za ka bari da nauyin. Wanda yake son ka da gaske ba kwanon da ka cinye yake ƙirgawa ba, so yake ka dawo baɗi da ƙafafunka.

In ka san wani da yake shirin tafiya gida da leda a aljihu, tura masa wannan tun kafin ya tayar da mota. In kuma taka Innar tana raye, ajiye wayar nan ka kira ta tukuna, ka dawo ka yaɗa daga baya. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya kai haske kabarinsu.