Kumburin da Muka Ɗauka Ƙibar Jego Ce

Mu huɗu abin ya shafa: yayata, da mijinta mai noman auduga kusa da Dayi, da gwaggonmu wadda ta karɓi aikin jego, sai ni da na zo hutu daga kwaleji. A farkon shekarun mulkin kai ne, tsakiyar damina.

Jikin Yaya ya daɗe yana ba ni mamaki. Tana da gashi a haɓa, ga ƙiba alhali ba ta da ci, kuma na ji mata suna cewa al'adarta takan yi watanni ba ta zo ba. Ta yi shekara da shekaru a ɗakin miji babu haihuwa. Da Allah ya ba ta ɗa namiji, Gwaggo ta ƙudura yi mata jegon da ba a taɓa gani ba: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya bisa gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, kunun kanwa har sai ta ture ƙwarya.

Wata rana na danna ƙafarta da yatsa, ramin ya ƙi cikowa.

"Gwaggo, wannan kumburi ne," na ce.

"Jego ne ya karɓe ta, ɗan boko. Sau nawa ka haihu?"

"Ƙyale shi, Gwaggo," in ji Yaya, "auna ni yake kamar buhun auduga." Dariyarta ta ƙare da tari.

Da numfashi ya hana ta kwanciya sai a zaune, Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta. Ta ƙara kanwa, ta ƙara wuta.

Daga ƙarshe mijinta ya tsayar da wata motar kaya, muka kai ta asibiti. Likita ya ce zuciyarta ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Ya dubi haɓarta, ya yi tambaya game da al'adarta. Na nemi sanin dalili. Ya ce duka alamun lalura ɗaya ne a inda ƙwan haihuwa yake fitowa, kuma mai yiwuwa ta raunana jikin tun kafin kanwa da zafi su ƙarasa. Nawa ne rabon kowanne, bai sani ba. Ni ma har yau ina tambaya, domin Gwaggo ta sha wannan kanwa a duk haihuwarta, tana nan da ranta.

Mun rasa Yaya kafin arba'in, jaririn ya bi bayanta a lokacin kaka, muka kuma rasa amfanin gona guda da jinya ta hana mijinta nomewa.