Kyanwar Inna a Gidan Tayil

Shekarar da Yayana ya gama gininsa a Bacirawa ya ɗauko Inna daga ƙauye, abu uku ta taho da su: akwatin kayanta, turminta, da kyanwarta. Baba ya rasu, gonarsa an yanka ta fuloti-fuloti an sayar, gidan ƙasar da aka haife mu a ciki ya fara zubewa. Yaya kuwa Allah ya buɗa masa a harkar wake a Dawanau, kuma shi mutum ne da in Allah ya buɗa masa sai unguwa ta sani.

Gidan nan tayil ne tun daga ƙofa. Ɗakuna tayil, bango tayil, tsakar gida tayil, har gindin tankin ruwa bai tsira ba. Ranar tarewa ya zagaya da Inna yana buga takalmi a ƙasa don ta ji ƙara. Ya ce, "Inna, ke da ƙasa kuma har abada. Kin huta." Inna ta ce, "Allah ya yi albarka," tana dafe da bango don kada santsi ya ɗauke ta.

Kyanwar tsohuwa ce, baƙa mai farin wuya, kunnenta ɗaya a yage. Uwarta ta mutu ta bar ta ido bai buɗe ba, Inna ta raine ta. Ina tuna yadda take ɗiga mata madara da cokali, sannan ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi tana shafa mata mara, don jaririn kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi sai uwa ta lashe shi. Mu muna dariya wai Inna ta yi sabuwar haihuwa. Da ta girma, shekara da shekaru ɓera bai ga cikin rumbunmu ba. In buƙata ta kama ta, sai ta bi ta magudana ta shiga gona, ta tona, ta yi, ta binne, ta dawo kamar ba ita ba. Ban taɓa ganin kashinta ba sai a gidan Yaya.

A sabon gida sai ta rasa wurin tonawa. Ƙofa ta ƙarfe ce, kullum a rufe, katanga kuma an jera mata waya mai ƙaya. Ta riƙa zagaya tsakar gida tana kartar tayil da farce tana kuka. Ta tsuguna, ta yi yunƙuri, ta tashi babu komai. Cikinta ya yi tauri, ta daina cin ko kan kifi. Fitsari kuwa da ta riƙe har ta gaji, sai ta nemi wuri mai laushi. Ta fara da kafet ɗin falo. Daga nan ta gano buhun waken samfuri da Yaya yake nuna wa masu saye, ta ga abin ya yi kama da ƙasa, ana iya tonawa. Yaya bai sani ba sai da ya damtsi waken ya miƙa wa wani babban baƙo, baƙon ya kai hanci.

Inna ta gaya masa tun farko cewa ƙasa take nema. Ya ce ƙasa a gidansa? Ai ba don a zuba ƙasa ya shimfiɗa tayil ba. Shi a ganinsa ƙauyanci ne ke damunta. Da abin ya ƙi, sai ya zama likita. Ya sa aka ɗura wa kyanwar jiƙon tsamiya, ta amayar. Ya zo da man gyaɗa a sirinji da kansa, ta yage masa bayan hannu, ya yi kwanaki yana gaisawa da mutane da filasta. Wani abokinsa ya ce masa ai wannan ba banza ba, kyanwa baƙa ta zaɓi waken sana'arsa ta yi wa fitsari, aikin 'yan hassadar kasuwa ne. Wannan bayanin ya fi yi wa Yaya daɗi, don ya nuna shi babban mutum ne mai maƙiya. Aka cika gida da hayaƙin turare, kyanwa na tari, Inna na tari.

Ƙarshe ya ce ya gaji, za a sa ta a buhu a kai ta can gaba a yar. Ran nan Inna ta kira ni a waya. Ina aure a Ungogo, ba nisa. Na hau adaidaita sahu raina a ɓace.

Na tarar da ita a ɗaki, kyanwar kwance a cinyarta, tana shafa mata mara da tsumma kamar da. Ta ce, "Auta, in zai sa ta a buhu, ki ce ya nemo babba ya haɗa da ni." Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa na tsorata.

Na samu Yaya a falo, ya sha farar shadda. Na ce, "Yaya, kai da ka tashi kana zagayawa bayan kukar gona da buta, yau kai ne ka manta amfanin ƙasa?" Ya ce in iya bakina. Na ce in ya taɓa kyanwar nan, gobe zan je Dawanau in tsaya a ƙofar shagonsa in ba abokan cinikinsa labarin waken samfuri tiryan-tiryan. Ya san zan iya. Sai ya ce to, a zuba mata ƙasar a tsohon daro, amma a bayan tanki, inda baƙo ba zai gani ba.

Ga tulin yashin gini nan a ƙofar maƙwabci, na ce bari in ɗebo. Inna ta ce a'a, ita kyanwar ba ta san wannan ba, ƙasar gonar Malam ta sani, wato Babanmu. Na san kyanwa mai ciwon ciki ba ta tambayar asalin ƙasa. Na dubi fuskar Inna, na ɗauki buhu.

Da ƙyar na gane gonar. An sare ɗorawar da muke hutawa a gindinta, bulo ya tashi ta ko'ina, wani gidan har an sa masa rufi. Wani ɗan lungu kawai ya rage tsakanin katanga biyu, ƙasarsa ja-ja mai laushi, har da tsofaffin tushiyar gero. Na durƙusa ina kwasa da hannu, magina na kallona kamar ɓarauniya. Kuka ya zo mini, na haɗiye shi don kada su ƙara da dariya.

Da na juye a daro, kyanwar ta shinshina, ta shiga, ta fara tono da sauran ƙarfinta. Ta daɗe tana nishi. Muna tsaye a kanta, ni da Inna da Yaya da shaddarsa, kamar masu jiran mai naƙuda. Da abin ya fito, ƙanana masu tauri kamar tsakuwa, sai na ji Yaya ya ce, "Alhamdulillahi," sannan ya waiga ko wani ya ji shi. Ta binne abinta tsaf, ta fito ta sha ruwa.

Ragowar ƙasar Inna ta ce a kai mata ɗaki, ita za ta riƙa canza wa kyanwar. Bayan nan duk zuwan da na yi, sai in ga bakin buhun a buɗe kusa da daddumarta, wani lokacin hannunta na ciki tana jan carbi da ɗayan. Yaya har yau yana gaya wa baƙi yadda ya raba tsohuwarsa da wahalar ƙauye.

Da buhun ya yi ƙasa na koma in ƙaro. Lungun nan an zuba masa siminti, an yi wurin ajiye mota. Na ɗebi yashi a bakin titi na kawo. Kyanwa ta shiga ta yi abinta, ko a jikinta. Inna ta sa hannu a buhun, ta murza, ta cire hannunta ta goge a zani.

Ta ce, "Ki kai mata duka bayan tanki. Ba sai an ajiye mini ba."